Yatsan Dakta Uzairu

Idan ana lissafa baiwar da Allah Ya yi wa kudancin Kano, mutane sukan fara da ruwan Tiga, su bi da masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada. Wannan kuskure ne irin na waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Babbar baiwar ita ce Dakta Uzairu Khalifa, Daraktan Cibiyar Bincike da Horarwa kan Tsaron Na'urori a wata jami'a da ba sai an kama sunanta ba. Shi da bakinsa ya tabbatar da haka, kuma mai digiri uku ba ya faɗin abin da bai bincika ba.

Dakta ya ga duniya. Ya taɓa yin mako biyu cur a wani taron bita a ƙasar waje, ya dawo da jakar goyo da katin shaida mai igiya, wanda har yau yake ratayawa a kan babbar riga ko da ɗaurin aure za shi. Tun daga wannan tafiya Hausa ta fara yi masa wuya. Yakan tsaya tsakiyar magana, ya runtse ido, ya kaɗa yatsu, ya ce, "Yaya ma kuke cewa da Hausa?" Shi da aka yanke wa cibiya a ƙasar Bebeji. Abokan aikinsa suna kiransa Garkuwan Intanet. Ya ɗauka sarauta ce, ya sa aka buga masa a jikin kati.

Aikinsa kuwa sai son barka. Cibiyarsa na da kwamfuta ashirin, kuma shekara biyar ke nan ba a taɓa yi wa ko ɗaya kutse ba. Wace cibiya ce a Afirka za ta bugi ƙirji ta faɗi haka? Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne: duk ashirin ɗin suna cikin ledarsu, ba a taɓa kunna su ba. Ɗalibansa bakwai masu neman digiri na biyu sukan leƙa su ta taga, don Dakta ya ce babban haɗari ga kowace na'ura shi ne ɗan Adam ya taɓa ta. Amma kada a ce ba a horar da su. Sun ƙware wajen ɗaukar jaka da saita firojekta, sun kuma san daidai inda ake tafi idan Dakta yana lacca.

Abu guda ne ya hana wa bawan Allahn nan sakat. Har yanzu Dakta yake, bai zama Farfesa ba. Kwamitin ƙarin girma, wanda a ganinsa mahassada ne suka cika shi, ya ce sai ya nuna bincike guda da ya fita daga takarda ya yi wa wasu mutane amfani. Dakta ya zauna yana tunanin inda ake samun mutane. Can sai ya tuna ashe yana da ƙauye.

Unguwar Balarabe tana ƙasa da Tiga, gida sittin da 'yan kai, kusan kowa manomin rani. Alkama suke yi. Ruwansu yana shigowa ta wata ƙaramar magudana ta ƙungiyar manoman garin, mai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa da wani tsohon sitiyari. Shekara talatin Malam Idi ne ke kula da wannan ƙofa, shi da ƙanensa Sha'aibu. Malam Idi aminin marigayi mahaifin Dakta ne. Ba shi da littafi, ba shi da agogo, amma ya san gonar da ta sha jiya da wadda za ta sha jibi. Alkama kuwa ba ta san uzuri ba. Duk mako sai ta sha, kuma idan ta yi ciki aka yi mata jinkirin 'yan kwanaki, ƙwayar ta tsumbure ke nan. Abincin shekarar gida sittin yana rataye a wannan ƙofa.

Da Dakta ya ga ƙofar, sai ya dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Babu kalmar sirri? Babu tantancewa? Jama'a, kun san a yanzu haka wani yana iya zama a Rasha ya sace muku ruwa?"

Manoma suka dubi juna. Ba su san suna da abokan gaba a Rasha ba. Rigimarsu ta ƙarshe da mutanen ƙauyen gaba ce, ita ma an sasanta a masallacin Juma'a. Amma ɗan gari ne ya zo da mota, ga takardar jami'a, ga alkawarin ba za su biya ko sisi ba. Malam Idi ya ce, "To, ɗana, Allah Ya sa albarka." Dakta ya ɗan ɓata rai da jin "ɗana" a gaban ɗalibansa. Shi dai bai ce Baba ba. A rahoto ya rubuta shi a matsayin Mai Amfana Lamba Ɗaya.

Cikin wata guda aka gina ɗaki na bulo a kan ƙofar ruwan, babu taga, sai ƙyauren ƙarfe mai kwaɗo uku. Aka cire sitiyarin aka jefar a juji, aka sa injin da zai riƙa ɗaga ƙofar, aka ɗora masa sola a kan rufi. A bangon gaba aka manna wata 'yar na'urar ɗangwale mai murfi. Ka ɗora yatsa, ta yi ƙara, ruwa ya buɗe. Idan kuwa aka ɗora yatsan da ba ta sani ba har sau uku, sai ta kulle kanta kwana bakwai, babu mai iya buɗewa. Wannan doka ƙirƙirar Dakta ce, kuma yana ji da ita kamar 'yar fari.

A cikin ɗalibansa akwai Injiniya Rufaida, uwar 'ya'ya uku, wadda ta shekara goma tana aikin ruwa kafin ta koma karatu. Ita ce ta yi wautar ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, idan injin ya ƙone fa? Ko a bar musu hanyar buɗewa da hannu?"

Dakta ya cire tabarau ya dube ta da tausayi. "Rufaida, hanyar hannu ita ce ƙofar ɓarawo. Tsarin da na zana ba ya ƙonewa. Wannan tambaya ce ta wanda bai yi imani da kimiyya ba." Ta samu maki mafi ƙaranci a zangon, ta kuma koyi darasi mafi amfani da cibiyar ke koyarwa, wato yin shiru.

Sai ranar horar da manoma. An yi ta a makarantar firamare, dattawa sun takure a bencin yara gwiwa har haɓa. Dakta ya yi awa uku yana nuna hotunan mutane masu baƙar hula zaune gaban kwamfuta. Ya yi bayanin yaƙin intanet tsakanin manyan ƙasashe. Ya gargaɗe su kada su kuskura su buɗe saƙon imel ɗin da ba su san mai shi ba. Wani dattijo ya yi alkawarin in sha Allahu ba zai buɗe ba. Aka raba satifiket, aka ɗauki hoto, aka nufi bakin ƙofa don rajistar yatsu.

Malam Idi ya ɗora yatsa. Na'ura ta yi shiru. Ya goge a riga ya sake ɗorawa, shiru. Sha'aibu ya gwada, haka. Mutum arba'in da ɗaya suka bi layi, babu wanda ta gane. Fartanya da taki da ruwan sanyi sun shafe zanen yatsunsu tun Dakta yana rarrafe. Da Dakta ya ɗora nasa, mai laushi kamar na jariri, nan take ta yi ƙara, fitila ta yi kore.

Da ƙaramin masani ne, da ya ce na'urar ba ta dace da wurin ba. Dakta ba ƙaramin masani ba ne.

"Na'ura ba ta kuskure," in ji shi. "Yatsunku ne ba su kai matsayin ƙasa da ƙasa ba. Amma kada ku damu. Ni zan ɗauki wannan nauyi."

Haka aka wayi gari ruwan gida sittin ya koma babban yatsan mutum ɗaya da ke zaune a birni. Kuma, a faɗi gaskiya, Dakta bai taɓa jin daɗin duniya kamar wannan lokacin ba. Ranar Asabar yakan iso wajen azahar, bayan ya ce ƙarfe tara. Dattawan da suka yi masa huɗuba suna tsaye a rana suna jiransa. Sai ya fito daga mota a hankali, ya naɗe hannun riga, a zuba masa ruwan gora ya wanke yatsan, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, sannan ya ɗora. Na'ura ta yi ƙara. A yi ɗan shiru. Sai ƙofa ta fara ɗagawa tana gurnani, ruwa ya kwararo. Dakta ya bayyana wa ɗalibansa cewa wannan ɗan shirun lokacin da tsarin ke tuntuɓar kansa ne, suka rubuta. Mutanen gari suka sa masa suna Mai Yatsa. Wannan ma ya so a buga a kati, wuri ne ya yi kaɗan.

Wani lokaci taro yakan riƙe shi a Abuja ya yi kwana goma sha biyu bai leƙo ba. Idan ya dawo sai ya tarar da alkama shar da ita, kamar ba ta yi kewarsa ba. Nan ma bai rasa bayani ba. Ya rubuta maƙala mai shafi talatin da ke tabbatar da cewa amfanin gona da ke ƙarƙashin ingantaccen tsaro ba ya jin ƙishirwa da wuri. A teburin sakamako ya sa: buɗewa goma sha ɗaya, nasara goma sha ɗaya, kutse babu.

Kwamiti ya ce zai turo masu tantancewa su gani da ido, ƙarƙashin wata Farfesa Habiba, injiniya daga wata jami'ar, wadda aka ce ba ta da yawan dariya. Dakta ya shiga shiri. Ya sa aka yi wa ɗakin fenti. Sannan wata dabara ta faɗo masa, irin wadda sai manyan ƙwaƙwale: kada a ba gonaki ruwa har kwana goma kafin zuwan baƙi, don su ga busasshiyar ƙasa tana sha a gabansu, hoto ya yi kyau. Ya kawo masu gadi biyu daga birni suka tare a wurin, kada wani ya ɓata fenti.

Malam Idi ya same shi a gefen mota, ya rage murya. "Dakta, alkama ta yi ciki. Kwana goma ya yi mata yawa."

"Malam Idi, bincike yana buƙatar sadaukarwa."

Gaskiya ne. Sai dai ba a faɗi wanda zai yi sadaukarwar ba. Zafi ya fara shigowa a lokacin. Zuwa kwana na takwas ganye ya fara naɗewa, ƙasa ta tsage. Magidanta sukan tsaya a kan kunyar gona da safe, su koma gida ba su iya karyawa ba. Abin tausayi ne ƙwarai ka ga mutum yana kallon abincin 'ya'yansa yana ƙonewa, ga ruwa cike da magudana taku goma daga gonarsa.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗauko mai lasifika daga Kiru. Dakta ya sha shadda fara ƙal, katin shaida yana lilo a ƙirji. Ya yi jawabin awa ɗaya da rabi. Ya gode wa kansa a fakaice sau da dama, a fili sau biyu.

"Ya ku manyan baƙi," ya ce daga ƙarshe, "abin da ke gabanku ba ɗaki ba ne, ganuwa ce. Na ƙalubalanci duk wani mai kutse a doron ƙasa. Ko ƙuda bai isa ya shiga tsarin nan ba sai da izinina. Kuskure uku, ya kulle kwana bakwai. Ko ni da na haife shi ban isa in roƙe shi ba!"

Ɗalibai suka yi tafi a inda ya dace. Manoma suna kallon gonakinsu.

Dakta ya naɗe hannun riga, aka wanke yatsa, ya ɗaga shi sama. Ya sa hannu ya ɗage murfin na'urar, wanda kwana goma ba a taɓa ba. A cikin waɗannan kwanaki wata rina, wadda ba ta halarci taron horarwa ba, ta samu wurin da inuwa ta yi gida. Ba ta nemi izini ba. Ta auna babban yatsan nan, yatsa mafi daraja a ƙaramar hukumar Bebeji, ta ɗirka masa harbi.

Ƙarar da Dakta ya yi, da tsantsar Hausar Unguwar Balarabe ya yi ta. Bai tsaya tambayar yadda ake cewa ba.

Kafin a samo manja a shafa, yatsan ya kumbura ya yi suntum kamar dankali. Farfesa Habiba ta ce a dakata kumburin ya sace. Dakta ya ce jarumi ba ya dakatawa. Ya ɗora, fitila ta yi ja. Ya danna da ƙarfi yana cije leɓe, ja. Wani daga cikin baƙin ya ce, "Dakta, saura ɗaya fa." Dakta ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai koya wa limami alwala, ya ɗora na uku. Na'ura ta yi wani dogon kuka, ta rubuta kwana bakwai a fuskarta, ta mutu.

Farfesa Habiba ta buɗe littafinta.

"Wane ne mutum na biyu da na'urar ta sani?"

"Babu, ranki ya daɗe. Mutum na biyu rauni ne."

"Hanyar buɗewa da hannu fa?"

"Na kawar da ita tun a zane." Ya share gumi, sai kuma fuskarsa ta washe, don basira ba ta barin mai ita. "Hasali ma, abin da kuka gani yanzu shi ne ƙololuwar nasara. Tsarin da ya ƙi mai shi, wa zai yarda da shi? Ina roƙon a rubuta wannan. Bayan kwana bakwai sai a dawo a ga buɗewa."

Bayan kwana bakwai babu abin da zai rage a gonakin nan sai tattaka, kuma duk wanda ke tsaye a bayan rumfar ya san haka. Idanu suka koma kan Malam Idi, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wata tsohuwa ce ta fara fitowa. Dije, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da 'yar gona a can ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa a makare. Ta matso har bakin rumfa, ta dubi Malam Idi.

"Malam, karar ta isa haka. Mun yi masa kara wata uku saboda ubansa. Ni ba ni da wata gonar."

Malam Idi ya ɗago. Sannan ya sa carbi a aljihu, ya ce a hankali, "Sha'aibu, je ka."

Sha'aibu ya zaga bayan ɗakin. Aka ji ƙarar ƙarfe. Aka yi ɗan shirun nan da Dakta ya yi wa bayani a shafi na huɗu na maƙalarsa. Sai ƙofa ta fara ɗagawa tana gurnani, ruwa ya kwararo, ya bi magudana yana tura busasshen ganye a gabansa. Manoma suka watse da gudu, kowa ya nufi gonarsa da fartanya, babu wanda ya tsaya addu'ar rufe taro.

"Kutse!" Dakta ya ƙwala ihu. "An yi mana kutse! A kira 'yan sanda!"

Ya tattare shadda ya zaga bayan ginin, karo na farko tun da aka aza tubalinsa, don wajen taɓo ne. Farfesa Habiba na biye da shi. Ga Sha'aibu tsaye cikin laka har ƙwauri, yana juya tsohon sitiyarin da aka jefar a juji. An zura shi a kan ƙarfen ƙofar, wanda ya leƙo ta bangon baya kamu guda, saboda magini ya ga ɗakin ya yi masa kaɗan ya huda bulo ya bar shi a waje.

Farfesa Habiba ta juya ga Malam Idi. "Baba, tun yaushe ake haka?"

"Ranki ya daɗe, injin sau ɗaya ya yi aiki. A zuwa na biyu ya yi hayaƙi, Sha'aibu ya ji ƙauri ta baya. To, ga Dakta ya tara jama'a, ya ɗaga yatsa. Ɗan aminina ne. Ba ma iya bari ya ji kunya a garin ubansa. Shi ne Sha'aibu yake laɓewa, in ya ji ƙarar abin sai ya juya. Ranakun da ba ya nan kuma mukan ba gonaki ruwansu yadda muka saba. Wannan kwana goman ne kawai da ya kawo masu gadi muka rasa yadda za mu yi."

"Wato buɗewa goma sha ɗayan nan..."

"Goma na Sha'aibu ne, ranki ya daɗe."

An ce Farfesa Habiba ba ta da yawan dariya. Ba ta yi ba kuwa. Ta dai tambayi Sha'aibu cikakken sunansa, ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Dakta yana tsaye, takalmi ya nutse, yatsa a sama kamar mai neman izinin magana. Ya buɗe baki, babu Turanci, babu Hausa. Malam Idi ya dube shi, tausayi ya kama shi har cikin rai, don shi har yanzu yaron da ya taɓa ɗauka a kafaɗa yake gani. Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya yadda yake zaton baƙi ba za su ji ba.

"Kada ka damu, ɗana. Bari gonaki su sha tukuna. In an jima sai Sha'aibu ya rufe, ka koma gaba ka ɗora ko na hagu ne, shi kuma ya juya. Ai baƙinka ba su samu sun ɗauki hoto ba."